Kyarkecin da Baba Ya Sa Kiwo

Wata ɗaya da rabi Baba ya yi a gidana a Gaya, kuma cikin sati ukun farko, ban da amsa gaisuwa babu abin da ya haɗa bakinsa da nawa. In na durƙusa na ce, "Baba, ina kwana?" sai ya ce, "Lafiya." In na ce, "Ya ƙafar?" ya ce, "Da sauƙi." Shi ke nan, kasuwa ta tashi sai gobe.

Wani zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne, kuma da gaskiyarsa. Ni ɗan fari ne, mu kuwa Fulani ne, ko da yake Fillancin ya gudu ya bar mu sai ɗan abin da ba a rasa ba. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" yake ce mini, in ma abin ya yi nauyi sai ya faɗa wa bango, ni kuma in ɗauka daga nan. Amma shirun kunya daban, shirun fushi daban. Wanda ya tashi a cikin na farko ba zai kasa gane na biyu ba.

Na san ranar da abin ya fara. Ciwon suga ne ya ci masa ƙafa, aka kwantar da shi a Kano, likita ya ce sai an cire yatsu biyu kuma ba a jira. Albashin malamin firamare kowa ya san inda ya tsaya. Ƙanena, wanda shi ne ke tare da shanu a ƙauyenmu can bayan Ajingi, yana bakin gado yana jinya. Sai na hau babur na tafi ƙauye ni kaɗai. Rabona da bin shanu tun ina aji huɗu, amma na ce wa kaina ai zaɓen saniya ba ilimin taurari ba ne. Na duba garken, na ga wata tsohuwa ja tana ɗingishi, na ce wannan ko an rasa ta ba a yi asara ba. Ranar kasuwar Ajingi na kai ta kara, wani mahauci ya saya.

Aka yi aiki lafiya. Kwana biyu bayan nan na shiga ɗakin da yake kwance, na tarar fuskarsa a sake, har da ɗan murmushi. Na tsuguna na ce, "Baba, ka yi haƙuri, na taɓa maka shanu ba da izininka ba. Amma tsohuwar nan gurguwa na ɗauka, wadda ba ta da sauran amfani." Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya juya fuskarsa bango.

Da aka sallame shi na kawo shi Gaya, don kullum da safe sai an je asibiti wankin ciwo, daga ƙauye kuwa ba zai yiwu ba. Da matata hira yake yi sosai, har dariya nake jiyowa daga tsakar gida. Ina shigowa sai ya ɗauko rediyonsa ya kara a kunne. Na ba da haƙuri sau uku. Ba zan ɓoye ba, daga baya haushi ya fara cin raina. Ni da na ceci ƙafarsa, ni ne kuma mai laifi? Me ake so in sayar, kaina? Amma duk wannan faɗan a cikin cikina nake yin sa. Abin da nake so ɗaya ne: kada tsohon nan ya koma ƙauye da fushina a ransa.

A lokacin na sayi wata kwamfuta ta gwanjo don buga tambayoyin jarrabawa. Wanda ya riga ni amfani da ita ya bar wani gem, wato wasan kwamfuta, a ciki, ni kuma da girmana da gemuna na faɗa masa tsundum. A gem ɗin kai kyarkeci ne, an jefa ka cikin wani daji da ƙanƙara ta rufe. A gefen allo akwai wani layi kore, shi ne cikinka. In ka daɗe ba ka ci ba ya koma ja, in ya ƙare ka mutu. Akwai zomaye, akwai wasu masu kama da barewa, sannan akwai babbar cikinsu, wadda aka rubuta sunanta mus.

Ban taɓa ganin halitta irin wannan ba. Ta fi doki tsawo, ƙafafu zara-zara, hanci ya zubo kamar na raƙumi, ga ɗan tozo a kafaɗa, ga wata fata tana reto a ƙarƙashin haɓa. Namijin yana da ƙahoni masu faɗi kamar an kafa masa faifai biyu a ka, macen kuwa kanta fayau. In ka kayar da guda ɗaya ka huta da farauta na kwanaki. Amma fa kafin ka kayar da ita za ka gane kurenka, don da ƙafar gaba take duka, kuma sau biyu ya ishe ka. Na yi sati biyu tana kashe ni.

Bazara ce, gidan kamar tanda, baranda kaɗai ke samun iska. Nan ake shimfiɗa wa Baba tabarma bayan la'asar, a ɗora ƙafar a kan filo. Ni kuma ina can ɗaya ƙarshen da kwamfuta a cinya, gumi yana zuba, ƙanƙara cike da allo. Ban san yana kallo ba.

Rannan ina laɓe a bayan wata bishiya ina leƙen wata mus tana cin ganye, sai na ji an ce, "Wannan ta waye?"

Na waiwaya ina neman wanda ake wa magana. Babu kowa a barandar sai ni da shi. Idonsa yana kan allo.

Na ce, "Ba ta kowa ba ce, Baba. Ta daji ce."

"Ba shaida a jikinta?"

"Babu."

"Matso da ita."

Na ja jiki na matsa kusa da tabarmar, kamar an kira ni gaban mai duba makarantu. Ya sunkuyo, ya ƙanƙance ido. Ya ce kofaton na saniya ne, amma wannan hancin a binciki uwarta. Ya tambayi ina sauran garken. Na ce ba sa garke, kowacce ita kaɗai take yawo. Ya ce saniyar da ta ware kanta ko ciwo ne ko haihuwa. Na ce a ƙasarsu duk haka suke. Ya ce to ƙasar ce ba ta da lafiya.

Can ya ce, "Kai kuma ina kake a ciki?"

Na nuna masa.

"Kare?"

"Kyarkeci ne, Baba."

Ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa. "Duk karatun nan, kyarkeci ka zama."

Ban san ko dariya zan yi ba ko haƙuri zan bayar. Ya tambaya in na kama ta wa ke yankawa. Na ce ba a yanka, cizo ake yi. Ya ce mushe ke nan, ya koma ya jingina. Amma bai ɗauki rediyon ba. Ni dai a ranar na ci tuwo da yawa, don maganar da ya yi mini ta fi ta sati uku a haɗe.

Daga nan kullum bayan la'asar sai in zo in zauna kusa da shi in buɗe. Ba ya cewa in buɗe, ba ya kuma cewa in rufe. Kallo yake yi yana sharhi, ba da ni ba, da iska. Ya ga tana miƙa wuya tana karyo rassa, ya ce wannan cin akuya ne. Ya ga ta shiga ruwa har ƙirji ta nutsa kai tana cin ciyawar ƙasa, ya girgiza kai ya ce ciwon hanta zai kama ta. Abin da ya fi damunsa shi ne babu wanda ke ba su kanwa. Na so in ce masa hoto ne, ba ya rashin lafiya, amma na ga in na faɗa hirar za ta mutu, sai na bar kaza cikin gashinta.

Rana ta huɗu muka hango wata da ɗanta a bakin wani rafi, ɗan ja-ja da shi, ƙafafu kamar za su karye. Ina shirin wucewa, don masu 'ya'ya sun fi kowa mugunta, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Dubi ƙafarta ta baya, ta hagu."

Na duba, ban ga komai ba.

"Ba ta ɗora nauyi a kanta. Ga shi tana jan numfashi ta baki. Wannan ta sha wuya."

Akwai wani madanni da in ka taɓa kyarkecin yake shinshina iska, sai a nuna maka ƙarfin dabbar. Na taɓa. Ƙarfinta ko rabi bai kai ba. Tsohon da bai taɓa riƙe kwamfuta ba ya ga abin da ni sai na'ura ta faɗa mini. Sannan wani daɗi ya rufe ni, na ce a raina yau Baba ya shigo cikin wasan, taimakona yake yi.

Na afka mata. Ta juyo ta sa ɗan a bayanta, ta kawo duka, na kauce. Na zaga na kama ƙafar nan ta hagu. Muka daɗe muna yi, tana faɗuwa tana tashi, ɗan yana kewaye mu. Daga ƙarshe ta durƙusa, ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Na juyo baki har kunne na ce, "Baba, mun samu."

Fuskar da na gani ita ce ta asibiti.

Ya ce, "Nuna maka na yi don ka san wadda za ka tsare. A wajenmu in aka nuna wa mutum gurguwa, bayanta yake komawa ya bi ta a hankali." Ya jawo sandarsa, ya miƙe da ƙyar, ya shige ɗaki. Furar yamma ma dawo da ita aka yi.

Na samu matata a madafa na zazzage mata. Na ce yanzu fisabilillahi a gaya mini laifina. Kyarkeci ne, aikinsa ke nan, haka aka tsara abin. In bai ci ba ya mutu. Ta ci gaba da tankaɗe ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Malam, kai ka san kyarkeci ne. Shi ɗansa ya gani ya kashe saniya mai jego." Na ce ai ba saniya ba ce. Ta ce to in je in faɗa masa.

Washegari na zauna can ƙarshen baranda ina gyaran takardun yara, kwamfutar ko taɓa ta ban yi ba. Na yi rantsuwa a raina goge gem ɗin zan yi. Baba yana kwance, ya ba ni baya. Har na kusa gamawa sai na ji ya ce wa bango, "Maraƙin nan da wa aka bar shi?"

Na ɗauko na buɗe. Gem ɗin yana ajiye ka inda ka tsaya, saboda haka ga gawar uwar, ga ɗan can nesa kaɗan yana tsaye. Baba ya tashi zaune ya ce tunda ni na maida shi maraya, ni zan yi kiwonsa.

Na ce, "Baba, ba a kiwo a nan." Na nuna masa madannan ɗaya bayan ɗaya: wannan gudu, wannan cizo, wannan shinshina, wannan kuka, wannan kwanciya. Na ce iyakarsu ke nan.

Ya ce, "Da sanda ɗaya muke kiwo."

Haka muka fara aikin da na tabbata wanda ya ƙirƙiri gem ɗin bai taɓa mafarkinsa ba. Da na matsa sai maraƙin ya zura da gudu, kuma da gaskiyarsa. Baba ya ce wane wawa ne yake zuwa wa dabba ta baya. In zaga. In bari iska ta buso daga wajensa zuwa wajena. In kwanta. In daina kallonsa kai tsaye. Na bi, ina yi ina jin kaina kamar mahaukaci. Abin mamaki sai ga shi ya yi aiki. In na tsaya a wani ɗan nisa na kwanta, sai ɗan ya daina rawar jiki ya sunkuya yana cin ganye. In ya nufi fili, Baba ya sa in zaga gabansa in tare, ya komo cikin bishiyoyi. Har kiransa yake yi da harshe, irin kiran da yake wa maruƙa in za a ɗaure su a dangwali. Matata ta fito da kwano, ta dube shi, ta dube ni, ta koma ciki da kwanonta.

Matsalar ita ce yunwa. Ga nama tuli a kwance, naman uwar, Baba ya ce ko kusa, ba a gaban ɗanta ba. Na ce layin nan fa ya fara ja. Ya ce in nemi zomo. In na tafi neman zomo kafin in dawo maraƙin ya ɓace, sai mu yi ta bin sawu a ƙanƙara, Baba yana faɗa. "Hagu na ce. Kai ba ka san hagunka ba? Ga sawu nan ƙuru-ƙuru kana tsallakewa. Wannan da shanun gaske ne da tuni kana gonar mutane."

Zagin nan ya yi mini daɗi, ba zan yi ƙarya ba. A kwana biyar da muka yi muna kiwon nan Baba ya yi mini maganar da bai yi mini ba tun da aka haife ni. Ina tashi daga makaranta nake sheƙowa gida, abokan hirata na bakin titi har suka aiko a ji ko lafiya. Amma kaina a ɗaure yake tamau. Ya huce ne? Horo yake yi mini? Ko kuwa sugar ce ta fara taɓa masa kai? Har na ja ma'aikaciyar da ke wanke masa ciwo gefe na tambaye ta ko maganin da yake sha yana rikita tunani. Ta ce ita dai a iya ganinta tsohon nan ya fi ni natsuwa.

Rana ta shida wasu kyarketai uku suka ɓullo daga bayan tudu. Baba ya ce, "'Yan'uwanka ne?" Na ce ba garkenmu ɗaya ba. Ya ce to in shiga tsakani. Na shiga. Kyarkecina ya rame, kwana biyar yana rayuwa a kan zomaye, ko gudun kirki ba ya iya yi. Na ciji ɗaya, biyu suka hau ni. Allon ya fara duhu. Abu na ƙarshe da muka gani shi ne maraƙin ya nufi cikin bishiyoyi, guda ɗaya yana bin sa. Sai rubutu ya fito wai in sake farawa.

Baba ya ce, "Ya tsira?"

Na ce ban sani ba.

"Duba."

Na ce ba a dubawa. In ka mutu, dajin ya tafi da duk abin da ke cikinsa. Ya kalli baƙin allon. Sannan ya ce a kawo masa buta.

A nan ne na yi dabarar da nake ganin ta masu ilimi ce. Washegari na dawo da wuri, kafin a fito da shi baranda na fara sabon wasa, na yi ta yawo har na samo wata mus da ɗanta a bakin ruwa. Da ya zauna na juya masa allon na ce, "Baba, albishirinka. Ga su nan sun dawo, ita da ɗan. A nan in abu ya mutu dawowa yake yi."

Ya sunkuyo. Bai fi ƙiftawa uku ba ya ce, "Ba ita ba ce."

"Ita ce, Baba."

"Waccan fatar wuyanta ta fi wannan tsawo. Kuma in ta tsaya, a damanta take ajiye ɗan."

Na ƙura ido. Ni dai abu ɗaya nake gani, da waccan da wannan da duk waɗanda suka yi ta kashe ni. Ban san ko da gaske akwai bambancin ba, har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne raina ya ɓaci, duk abin da na haɗiye na wata guda ya taso. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba.

Na ce, "Baba, hoto ne fa. Mutum ɗaya ya zana su, duk ɗaya ne. Kuma in a kan tsohuwar saniyar nan ne ake wannan duka, sau nawa zan ba da haƙuri? Saniya ai saniya ce. In Allah ya hore mini zan saya maka wadda ta fi ta, mai ƙafa huɗu lafiyayyu."

Tankaɗen da ake yi a madafa ya tsaya cak. Na ji kunya tun kafin in rufe baki.

Baba bai yi fushi ba. Bai kuma juya bango ba. Ni ya kalla, ido cikin ido.

Ya ce, "Ba tawa ka sayar ba. Taka ce."

Ban gane ba, kuma ya ga ban gane ba.

"Ranar sunanka kakanka ya jawo karsana ja ya ɗaure a turke, ya ce ta yaron nan ce. Wadda ka kai wa mahauci jikarta ce. Shekarar da ciwo ya shiga garke na sayar da nawa, ban taɓa naka ba. Da ƙafarta ta lalace mutane suka ce in rabu da ita, na ce mai ita bai ce ba."

Ya ci gaba.

"A asibiti ƙaninka ya ce mini, Baba, Yaya ya sayar da tasa saboda ƙafarka. Kwana biyu ina kwance ina jin daɗi. Duk wanda ya zo dubiya sai na sa ƙaninka ya faɗa masa. Sai ga ka ka shigo, ka ce mini ka zaɓo mara amfani."

Na ce, "Me ya sa ba a taɓa faɗa mini ba?"

"Uwarka, Allah ya jiƙanta, ta faɗa maka kana ƙarami. Da hannunka kake ba kakarta dusa." Ya gyara ƙafarsa a kan filon. "Ni kuwa da wane bakin zan zaunar da ɗan fari in ce ga abin da nake riƙe maka? Na ɗauka wata rana za ka tambaya."

Na lalubi kaina ko zan tuna, ko da ɗan ƙyallin jar fata ne, ko ƙanshin dusa a tafin hannu. Babu. Na tuna sunayen duk malaman da suka koyar da ni, na tuna lambar kujerata ta jarrabawar fita firamare, amma wannan babu. Na rufe kwamfutar na zauna. Na so in ba da haƙuri, sai na rasa a kan me zan bayar, tunda haƙurin da na yi ta bayarwa shi ne ciwon. Muka zauna a haka har aka kira magariba.

Bayan kwana goma ciwon ya rufe, aka ce zai iya komawa gida. Kwanakin nan ba mu sake buɗe gem ɗin ba. Gaisuwa ta ɗan ƙara tsawo, yakan tambayi makaranta, amma ban iya cewa ga inda muka tsaya ba. Na raka shi a mota har Ajingi, daga nan ƙanena ya ɗauke shi a babur, ni na hau wani na bi su.

Mun isa da yamma, shanu sun dawo. Na zaci ɗaki zai shiga ya huta, sai ya dogara sandarsa ya nufi garke. Muka bi shi. Ya tsaya a bakin shingen ƙaya, ya ce wa shingen, "Gurguwar ta bar karsana. Mai ita ya nuna ta."

Shanu takwas ne. Biyu daga ciki karsana ne jajaye, tsawonsu ɗaya, ƙahonsu ɗaya a idona. Na dubi wannan, na dubi waccan. Na saci kallon ƙanena ko zai taimake ni da ido, ya sunkuyar da kai yana wasa da igiya. Na daɗe a tsaye. Daga ƙarshe na yi bisimilla na nuna ta dama.

Baba ya ce, "Wannan ta ƙaninka ce."

Na sauke hannu. Na ji da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sai ya rataye sandar a kafaɗa, ya kama wuyan hannuna. Ban da ranar duka, ban tuna wata rana da hannunsa ya taɓa nawa ba. Ya ja ni cikin garken yana ɗingishi, muka ratsa ta tsakanin shanun har wajen ta hagun. Ta ja da baya tana huci. Ya yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, ta tsaya. Ya ɗora tafina a gadon bayanta, ya danne da nasa.

Ya ce, "Kada ka ɗauke. Ba ta san ka ba tukuna."